Mala'ikan Ubangiji a Tsohon Alkawari: Allah ne da kansa, ko ɗan aike?

A Littafin Fitowa sura 3, aya ta 2 ta ce mala'ikan Ubangiji ne ya bayyana ga Musa cikin harshen wuta a tsakiyar kurmi. Aya ta 4 kuma ta ce Ubangiji ne ya ga Musa ya ratso don ya duba, Allah ya kira shi daga cikin kurmin. Kafin a wuce aya ta 6, mai maganar ya ce shi ne Allahn Ibrahim da Ishaku da Yakubu, Musa kuwa ya rufe fuskarsa don yana tsoron ya dubi Allah. Babu inda aka ce mala'ikan ya tashi sannan Allah ya zo ya maye gurbinsa. Kurmin ɗaya ne, muryar ɗaya ce, amma an kira mai ita da suna biyu.

Da a nan kaɗai abin ya tsaya, da an ce salon marubuci ne. To amma laƙabin nan ya zo fiye da sau 50 a Tsohon Alkawari, kuma a wurare da dama haka yake yi: a fara da mala'ika, a ƙare da Allah. Fiye da shekara 1,800 ke nan malaman Kirista suna ja-in-ja a kai. Wasu sun ce Ɗan Allah ne kafin ya zama mutum. Wasu sun ce halittaccen mala'ika ne da ke magana da yawun wanda ya aiko shi. Akwai masu cewa Allah ne da kansa ya bayyana, ba tare da nassin ya fayyace Uba ne ko Ɗa ko Ruhu ba. Akwai kuma masu binciken tarihin rubutun da ke ganin wasu masu kwafa ne suka saka kalmar mala'ika daga baya, don kada a ce mutum ya ga Allah da ido.

Rabin gardamar na cikin laƙabin kansa. Kalmar Ibrananci ita ce mal'ak, ma'anarta ɗan aike. Aiki take nunawa, ba ta faɗin irin halittar mai aikin. Mutanen da Yakubu ya tura wurin Isuwa a Farawa 32 da ita aka kira su. A Haggai 1:13 annabin kansa aka kira mal'ak na Yahweh, a Malakai 2:7 kuma firist. Bahaushe in ya ji mala'ika, abin da ke zuwa masa a rai shi ne halittar sama mai fikafikai, alhali mai karatun Ibrananci abin da ya fara ji shi ne wanda aka aiko. Sannan ginin laƙabin bai raba tsakanin sanannen mala'ika guda da wani mala'ika daga cikin masu yawa ba. Hausa ma haka take yi: in ka ce yaron sarki ya zo, ba ka faɗa mana ko yaro ɗaya sarkin yake da shi ba. Saboda haka duk hujjar da aka gina a kan cewa nahawu ya tabbatar mala'ika ɗaya ne tilo daga Farawa har Zakariya, ginin ya fi ƙarfin tushensa.

Abin da ayoyin suka ce

Farkon wadda ta gamu da shi ita ce Hajaratu, a Farawa 16, bakin wata maɓuɓɓuga kan hanyar Shur. A aya ta 10 ya ce mata shi zai riɓaɓɓanya zuriyarta har ba za ta ƙidayu ba, alkawarin da Allah kaɗai ke yi. A aya ta 11 kuma sai ya ce Ubangiji ya ji kukanta, kamar yana maganar wani dabam. A aya ta 13 marubucin da kansa ya ce Ubangiji ne ya yi magana da ita, ita kuma ta kira shi Allah mai ganina. A lura da wannan: ba Hajaratu ce kaɗai ta ɗauka haka cikin ruɗewa ba, mai ba da labarin ma ya sa hannu.

A Farawa 22:12 mala'ikan ya kira Ibrahim daga sama, ya ce yanzu ya sani Ibrahim mai tsoron Allah ne, tun da bai hana masa ɗansa ba. Jimla ɗaya ta ɗauki Allah a matsayin wani, ta kuma ɗauke shi a matsayin mai maganar. Amma a aya ta 16, da ya sāke kira, sai ya ƙara da in ji Ubangiji, irin kalmar da annabawa ke sa wa saƙo. A Farawa 31:11-13 mala'ikan Allah ya ce wa Yakubu a mafarki shi ne Allahn Betel, inda Yakubu ya yi masa wa'adi. Wanda ya yi kokawa da Yakubu a sura 32 mutum aka kira shi, Yakubu ya ce ya ga Allah fuska da fuska, Yusha'u 12:3-4 kuma ya kira shi Allah a layi ɗaya, mala'ika a layi na gaba.

Ayar da ta fi kowace nauyi a wannan ɓangare, a ganina, ita ce Farawa 48:15-16. Yakubu na sa wa 'ya'yan Yusufu albarka, ya ambaci Allahn da kakanninsa suka bi, Allahn da ya yi kiwonsa dukan ransa, da mala'ikan da ya fanshe shi daga dukan mugunta, sannan ya ce ya sa wa yaran nan albarka. Aikatau ɗin na mutum ɗaya ne, bai ce su sa ba. Nan ba saƙo ake isarwa ba balle a ce ɗan aike ya ari bakin ubangidansa. Addu'a ce mutum yake yi, kuma ya sa mala'ikan cikin wanda yake roƙo.

Littafin Mahukunta ya ƙara uku. A 2:1 mala'ikan ya tashi daga Gilgal zuwa Bokim ya ce shi ya fito da su daga Masar, kuma ba zai taɓa karya alkawarinsa da su ba. A sura 6 ya zauna gindin wani itace a Ofra yana magana da Gidiyon, sai aya ta 14 ta ce Ubangiji ya juyo ya dube shi. Gidiyon ya kawo naman ɗan akuya da gurasa marar yisti, baƙon ya taɓa su da kan sandarsa, wuta ta fito daga dutsen ta cinye su. A sura 13 Manowa, mahaifin Samson, ya tambaye shi sunansa, ya ƙi faɗa, ya ce sunan abin al'ajabi ne, sannan ya hau sama cikin harshen wutar bagade. Manowa ya ce wa matarsa lalle za su mutu, domin sun ga Allah. Gidiyon ma tsoron mutuwar ne ya kama shi. Tsoron yana da tushe a Fitowa 33:20, inda Allah ya ce mutum ba zai ga fuskarsa ya rayu ba. Zakariya firist da Maryamu sun firgita da ganin Jibra'ilu, amma babu wanda ya ce zai mutu don ya ga Allah.

Sai ɗaya ɓangaren, wanda masu wa'azi da yawa ke tsallakewa. A 2 Sama'ila 24:16, bayan annoba ta kashe mutum 70,000, Ubangiji ya ce wa mala'ikan da ke hallaka mutane ya isa, ya janye hannunsa, kuma ayar ta kira shi mala'ikan Ubangiji, yana tsaye wajen masussukar Arauna. Wannan umarni ake ba shi yana bi. A Zakariya 1:12 mala'ikan Ubangiji yana roƙon Ubangiji Mai Runduna, yana tambaya har yaushe zai ƙi jin tausayin Urushalima. A labarin Manowa ɗin ma, aya ta 16, ya ce in hadaya ta ƙonawa za a yi, ga Ubangiji za a miƙa ta. Ana iya karanta wannan a matsayin ƙin karɓar abin da ba nasa ba, ana kuma iya karanta shi a matsayin jan hankalin mutumin da har lokacin yake zaton annabi ne a gabansa.

Fitowa 23:20-21 ita ce mahaɗar hanyoyin. Allah ya ce zai aiki mala'ika a gaban Isra'ilawa, su yi masa biyayya, kada su tayar masa, domin ba zai gafarta laifinsu ba, gama sunana yana cikinsa. Masu cewa Allah ne sun kafa ƙafa a nan: wa ke da ikon gafartawa ko hanawa in ba Allah ba, kuma wace halitta ce ke ɗauke da sunan? Matsalar tana zuwa surori goma a gaba. Bayan zunubin ɗan maraƙin zinariya, a 33:2-3, Allah ya ce zai aiki mala'ika amma shi ba zai tafi tare da su ba, Musa ya ƙi yarda har sai da Allah ya ce fuskarsa za ta tafi da su. A nan tafiya da mala'ika koma baya ne. Amsar da aka saba bayarwa ita ce mala'iku biyu ne, na sura 23 Allah ne, na sura 33 halitta ne. Yana yiwuwa, sai dai 23:23 da 32:34 duka mala'ikana suka ce, ba wata alama a nassin da ta raba su. Duk mai riƙe da wannan fassara ya kamata ya san cewa daga waje ya kawo rabuwar.

Yustin da waɗanda suka bi sawunsa

Kafin Kiristoci su shiga maganar, Filo, Bayahuden Iskandariya da ya yi zamani da manzanni, ya riga ya kira Kalmar Allah, wato Kalman da ta wurinsa Allah ya yi halitta, babban mala'ika. Amma wanda ya shimfiɗa hujjar Kirista dalla-dalla shi ne Yustin Shahidi, wanda aka kashe a Roma wajen shekara ta 165. A muhawarar da ya rubuta da wani Bayahude mai suna Tirifo, ya bi labarin Ibrahim a Mamre, kokawar Yakubu, kurmin Musa, da shugaban rundunar Ubangiji da ya tsaya gaban Joshuwa, ya ce duka mutum ɗaya ne: wanda ake kira Allah da Ubangiji, ake kuma kira mala'ika don yana isar da nufin Uba, dabam da Uba a ƙidaya amma ba a nufi ba. Ya jingina da Farawa 19:24, inda aka ce Ubangiji ya zubo wuta daga wurin Ubangiji daga sama. Juyin Girkanci na Ishaya 9:6, wanda ikkilisiyar farko take karantawa, ya kira yaron da za a haifa mala'ikan babbar shawara, wannan ya ƙara musu ƙarfi. Ireniyus, Tartuliyan na Kartaj da Yusibiyus mai tarihin ikkilisiya duk wannan hanya suka bi. Tartuliyan ya ƙara taka-tsantsan ɗin da har yau ake amfani da shi: an kira Almasihu mala'ika saboda aikinsa, ba saboda zatinsa ba.

Akwai tsaga a cikin hujjar Yustin, wadda ba ta fito fili ba sai bayan shekara 150. Dalilin da ya bayar na cewa ba Uba ne ya bayyana ba shi ne, mai hankali ba zai ce Mahaliccin kome ya bar can bisa sammai ya bayyana a wani ɗan lungu na duniya ba. To in girman Uba ne ya hana shi bayyana, Ɗan kuma ya bayyana, me wannan ke faɗi game da Ɗan? Magoya bayan Ariyus, wanda majalisar Nikiya ta ƙi koyarwarsa a 325, sun ga ƙofar a buɗe: Uba ba ya ganuwa a zatinsa, Ɗa yana ganuwa, ashe ba zatinsu ɗaya ba. Har majalisar Sirmiyum ta 351, wadda ba ta bin kalmomin Nikiya, ta la'anci duk wanda ya ce ba Ɗan ne ya bayyana ga Ibrahim ko ya yi kokawa da Yakubu ba. Atanasiyus, bishop ɗin Iskandariya mai kāre koyarwar Nikiya, bai bar tsohuwar fassarar ba, juya ta ya yi ta zama makami a hannunsa. Ya ɗauki addu'ar Yakubu a Farawa 48 ya ce babu mai haɗa Allah da halitta a roƙo ɗaya, saboda haka mala'ikan nan Kalmar Allah ne, daidai da Uba.

Inda Agustin ya juya akala

Agustin, bishop ɗin Hippo a ƙasar da yau ake kira Aljeriya, ya fara babban littafinsa kan Allah Uku-cikin-Ɗaya wajen shekara ta 400, kuma kashi na 2 da na 3 na littafin kan wannan batu suke. Ya toshe ƙofar daga tushe. Zatin Allah ba ya ganuwa, kuma wannan daidai yake ga Uba da Ɗa da Ruhu. Duk abin da ido ya gani kafin Kalman, wato Ɗan, ya zama mutum, wuta ko gajimare ko siffar mutum, halitta ce Allah ya yi amfani da ita, galibi ta hannun mala'iku. Wane daga cikin ukun abin yake nunawa kuwa, sai a duba kowane wuri da kansa, kada a yi gaggawar yanke hukunci. Ya nuna cewa a Daniyel 7 an ga Wanda Yake Tun Dā zaune kan kursiyi, mai kama da ɗan mutum ya zo wurinsa, ashe ba gaskiya ba ne a ce ba a taɓa nuna Uba ga ido ba. Ya kuma lura cewa cikin baƙin Ibrahim su uku ba a ce ɗaya ya fi sauran girma ko shekaru ba.

Misalin da ya bayar daga kotun zamaninsa ne: mai shela ne ke furta hukunci da bakinsa, amma a kundin shari'a ba a rubuta mai shela ya ce, alƙali ya ce ake rubutawa. Littafi Mai Tsarki yana da irin wannan. A Mahukunta 11:12 manzannin Yefta sun ce wa sarkin Ammonawa, me ke tsakanina da kai da ka zo yaƙar ƙasata, kamar Yefta ne tsaye a wurin. A Maimaitawar Shari'a 29:5-6 Musa yana jawabi, bai ce in ji Ubangiji ba, sai ga shi yana cewa domin ku sani ni ne Ubangiji Allahnku. Malaman Yahudawa ma suna da ƙa'idar cewa wakilin mutum kamar shi kansa ne. Wannan ra'ayi ne ya mamaye ikkilisiyar Yamma, babban malamin tauhidi Toma Akwinas ma shi ya bi. Ikkilisiyoyin Gabas sun zauna kan tsohuwar fassarar, shi ya sa a zanen Almasihu na Otodoks ake rubuta haruffan Girkanci masu ma'anar Wanda Yake a da'irar hasken kansa, sunan da aka faɗa wa Musa daga kurmi. Kalbin na Janiba, ɗaya daga cikin jagororin Furotesta, duk da yawan bin Agustin da yake yi, a nan ya koma wajen Yustin, ya ce babban mala'ikan nan Kalmar Allah ne da ya fara aikin matsakanci tun kafin ya ɗauki jiki. Masu wa'azin bishara da yawa a yau daga wannan reshe suka gāji abin.

Hujjar wakilci tana da ƙarfi, amma tana da iyaka. A fada, in bafade ya ce sarki ya gaishe ka, kowa ya san gaisuwar sarki ce, wanda ya raina ta kuma sarki ya raina. Amma bafaden ba ya cewa ni ne sarki, wanda aka gaisar kuma ba ya fita yana cewa yau na ga sarki don ya ga bafade. Wakilci ya isa ya bayyana abin da ya sa mala'ikan yake cewa zan riɓaɓɓanya zuriyarki. Bai isa ya bayyana tsarkin ƙasar da Musa ya tsaya a kai ba, ko tsoron mutuwar Gidiyon da Manowa, ko addu'ar Yakubu, ko abin da ya sa marubucin kansa yake cewa Ubangiji ya juyo.

Batun masu kwafa kuwa yana da ɗan abin kamawa. A Fitowa 4:24 Ibrananci ya ce Ubangiji ne ya tare Musa a masauki yana neman kashe shi, tsohon juyin Girkanci ya ce mala'ikan Ubangiji. A Mahukunta 6:14 ma haka ya yi. Wannan ya nuna akwai lokacin da ake jin nauyin danganta wasu abubuwa ga Allah kai tsaye. Amma in manufar ita ce a ɓoye ganin Allah, aikin bai kammalu ba ko kaɗan, tun da an bar Yakubu da Manowa suna cewa sun gan shi. Juyin Girkancin nan ma a Ishaya 63:9 ta ɗaya gefen ya bi: inda Ibrananci ke cewa mala'ikan fuskarsa ya cece su, shi cewa ya yi ba jakada ba ne, ba mala'ika ba ne, Ubangiji ne da kansa.

Sabon Alkawari bai raba gardamar ba

Abin da ya kamata kowane ɓangare ya amince da shi shi ne, babu aya ko ɗaya a Sabon Alkawari da ta ce Yesu ne mala'ikan Ubangiji. Istifanas ya sami dama mafi kyau a Ayyukan Manzanni 7, yana gaban majalisa yana kāre bangaskiyarsa ga Yesu. Ya ce mala'ika ya bayyana ga Musa a kurmi, muryar Ubangiji ta zo, ya kuma ce Allah ya aiki Musa ta hannun mala'ikan. Bai ce Yesu ne ba. Ibraniyawa 2:2-3 ta gina gargaɗinta kan cewa maganar da aka faɗa ta bakin mala'iku ta tabbata, balle wadda Ubangiji ya faɗa, Galatiyawa 3:19 ma ta ce ta hannun mala'iku aka ba da Shari'a. In mala'ikan Sinai shi ne Ɗan, kwatancin ya yi rauni. Masu amsawa sukan ce waɗannan ayoyin mala'iku masu yawa suke nufi, 'yan rakiya, ba shi guda ɗin ba, amma Ayyukan Manzanni 7:38 mala'ika ɗaya ta ambata a Dutsen Sinai.

A ɗaya hannun, Sabon Alkawari bai ɓoye cewa Almasihu yana aiki a tarihin Isra'ila ba. Yahaya 1:18 ta ce ba wanda ya taɓa ganin Allah, Ɗan ne ya bayyana shi. Yahaya 12:41 ta ce ɗaukakar Yesu ce Ishaya ya gani. Bulus ya ce dutsen da ya bi su a jeji Almasihu ne, a 1 Korantiyawa 10:4. Wasu daga cikin tsofaffin kwafe-kwafen hannu na Yahuza aya ta 5 suna cewa Yesu ne ya ceci jama'a daga Masar, kuma bugun Girkanci na masana da ya fito a 2012 wannan karatu ya zaɓa. Wanda ya haɗa waɗannan da Mahukunta 2:1 ya ce Ɗan ne, bai yi wa nassi ƙarya ba. Istinbaɗi ya yi, wato ya ciro hukunci daga haɗa ayoyi, kuma ya kamata ya kira shi da sunansa.

Wata hujja da ake yawan ji ita ce mala'ikan Ubangiji ya daina bayyana bayan haihuwar Yesu. Ba haka ba ne. Laƙabin yana nan a Matiyu 1:20 lokacin da Yesu ke cikin mahaifiyarsa, a 28:2 inda ya ce wa matan da suka zo kabari cewa Yesu ba ya nan, ya tashi, da Ayyukan Manzanni 5:19, 8:26 da 12:7. A Luka 1 ya faɗi sunansa, Jibra'ilu. Akan ce ai a waɗannan wuraren Girkanci bai sa harafin da ke nuna sananne ba, to amma bai sa shi a juyin Farawa 16:7 da Fitowa 3:2 ba ma. Labarin Bitrus a kurkuku abin lura ne: a 12:11 ya ce Ubangiji ya aiko mala'ikansa ya cece shi, a aya ta 17 ya ba da labarin yadda Ubangiji ya fito da shi. Agustin zai ce ga abin da nake faɗa.

Yadda ake auna kowane wuri

Matsayina shi ne laƙabin ba sunan mutum ɗaya ba ne a ko'ina, saboda haka aya-aya za a bi. Tambayar farko, wa marubucin kansa ya ce ya yi magana, domin shaidarsa ta fi ta mutanen cikin labarin nauyi. Ta biyu, mai maganar ya tsaya ga furta alkawarin Allah ne, ko ya ce ni ne Allah? Akwai in ji Ubangiji a wurin ko babu? Sannan a duba ko an nuna Allah yana ba shi umarni ko shi yana roƙon Allah. Batun sujada yana bukatar hankali, domin kalmar Ibrananci ɗaya ce ake amfani da ita ga rusunawar da Ibrahim ya yi wa Hittiyawa da wadda Dawuda ya yi wa Saul. Faɗuwar Joshuwa rubda ciki a 5:14 ita kaɗai ba ta tabbatar da kome ba. Abin da ya ba ta nauyi shi ne umarnin tuɓe takalmi da ya biyo baya, da kuma cewa mala'ikan Wahayin Yahaya 19:10 da 22:9 ya hana a yi masa irin ta. A tuna kuma ba a kira baƙon Joshuwa mala'ika ba sam.

In aka bi wannan awo, Farawa 16, 31 da 48, Fitowa 3, da Mahukunta 6 da 13 suna faɗawa gefen zuwan Allah da kansa a siffar da mutum zai iya gani ya rayu. 2 Sama'ila 24, da wanda ya kashe mutum 185,000 a sansanin Assuriyawa a 2 Sarakuna 19:35, da dukan na Sabon Alkawari, ba su da alamar da ta wuce ta bawa mai cika umarni. Farawa 22, Fitowa 23, labarin Bal'amu da Zakariya 3 suna tsakiya, kuma gara a bar su a tsakiyar. Zakariya 3:2 ma, inda Ubangiji ya ce wa Shaiɗan Ubangiji ya tsauta maka, tsohon juyin Suriyanci mala'ikan Ubangiji ya rubuta a matsayin mai maganar.

Babu wata shaidar bangaskiya ta dukan ikkilisiya da ta ɗaure mai bi a kan ɗayan fassarorin nan, kuma Agustin da Atanasiyus koyarwa ɗaya suke kārewa. Inda iyakar take shi ne zatin Ɗan. Shaidun Jehobah suna cewa Yesu shi ne Mika'ilu, halitta ta farko. 'Yan Adbentis ma suna kiransa Mika'ilu, amma a wurinsu laƙabi ne na Ɗan da ba a halitta ba. Kalma ɗaya, koyarwa biyu masu nisa da juna, kuma Ibraniyawa 1:5-14 ce ke raba su, inda aka umarci dukan mala'iku su yi wa Ɗan sujada. Shi ya sa mai wa'azi da Hausa yake bukatar kula da bakinsa fiye da mai karatun Ibrananci. In ya ce Yesu mala'ika ne a Tsohon Alkawari ya yi shiru, Kirista da Musulmin da ke sauraronsa halitta za su ji, ba aikakke ba. Haka nan in ya ce Yesu ya zo da jiki wurin Gidiyon, ya taɓa Yahaya 1:14, domin ɗaukar jiki sau ɗaya aka yi, daga Maryamu. Abin da zai faɗa ya tsira shi ne Allah ya bayyana ga Gidiyon, Kiristoci da yawa tun ƙarni na 2 sun fahimci cewa Ɗan ne, wasu manyan malamai kuma sun ce ta hannun mala'ika Allah ya yi magana.